Kundin Aikin Kula da Masu Ƙaba a Sashen Tiyata

13 ga Janairu, 2025

An buɗe wannan kundi bayan zaman da ma'aikatan jinya na ɗakin maza da na mata suka yi da likitocin tiyata. Abu uku aka ɗora mana: takarda mai shafi ɗaya da za ta bi mai ƙaba tun daga ranar da aka ba shi gado har ranar sallama, katin bayani da Hausa wanda zai tafi gida da shi, da saƙon murya da za a tura wa wayarsa ko ta mai jinyarsa, tunda ba kowa ke karatun boko ba.

Gyaran ƙabar matsematsi da ba ta rikice ba da wuya ya wuce awa ɗaya a ɗakin tiyata. Amma mutum yakan yi shekaru yana yawo da ita kafin ya zo, kuma akwai makonni suna jiransa bayan sallama. Duk a waɗannan lokuta babu likita a kusa da shi, abin da aka koya masa ne kaɗai ke tare da shi. Nan ne aikinmu zai fi nauyi.

Mun tsayar da bayani ɗaya da kowa zai riƙa yi wa majinyaci, don kada na safe ya faɗi wani abu na dare ya faɗi wani. Bangon ciki nama ne da ke riƙe da kayan ciki. In wani wuri ya yi rauni ko ya buɗe, hanji ko kitsen da ke lulluɓe da shi sai ya leƙo ta ƙofar, ya zauna ƙarƙashin fata, kamar yadda tib ke kunno kai ta inda tayar keke ta tsage. Tib lafiyarsa lau, taya ce ta lalace. Wanda ya gane wannan ba ya bukatar dogon wa'azi kan cewa ƙwaya ko jiƙo ko tsimi ba za su rufe ƙofar ba, sai ɗinki.

Wajen kashi 75 cikin 100 na ƙabar bangon ciki a matsematsi take fitowa. Kusan namiji ɗaya cikin huɗu zai gamu da ita a rayuwarsa, mata kuwa wajen kashi 3 cikin 100. A duniya ana yin tiyatarta fiye da sau miliyan 20 a shekara. Sauran ire-iren ƙaba su ne ta cibiya, ta saman cibiya, ta tushen cinya, da wadda ke fitowa a tabon tsohuwar tiyata. Mun sa lissafin maza a kati saboda kunya. Mutumin da ya ji cewa a kowane sahun salla akwai irinsa yakan fi saurin kwance wando a duba shi.

21 ga Janairu

Sashen farko na takardar, wato karɓar majinyaci, ya kammala. Ana duba mutum a tsaye, sannan a kwance. A tsaye kumburin ke fitowa. A ɗora hannu a ce ya yi tari, za a ji abin ya bugi yatsu. A kwance a ga ko yana komawa da kansa, ko sai an lallaɓa shi, ko ba ya komawa sam. Wannan layi na uku mun ja masa layin ja, domin shi ke raba wanda zai jira ranar da aka ba shi da wanda likita zai gani yau.

Ba duk kumburin maraina ne ƙaba ba. Akwai ruwan da ke taruwa a kewayen ƙwallon, kuma a yankunan da cutar tundurmi take, wadda sauro ke yaɗawa, ana ganinsa da yawa. Shi ba ya komawa in an kwanta, ba ya amsa tari, kuma yatsu na iya kama samansa su haɗu. In an kashe fitila aka jingina tocila a bayansa sai ya yi jajir, haske na ratsa shi. Ga jariri wannan gwaji ba abin dogaro ba ne, saboda hanjinsa ma siriri ne, haske na wuce shi. Kuma mutum ɗaya na iya ɗauke da duka biyun.

Tambayoyin da suka fi muhimmanci su ne na abin da ke matsa wa ciki lamba kullum. Yana tari? Tun yaushe? In ya kai mako biyu a kai majinarsa gwajin tarin fuka kafin a yi maganar tiyata. Yana nishi a bayan gida? In dattijo ne, yana yunƙuri kafin fitsari ya fito, yana tashi sau nawa da dare, yana jin bai gama ba? Dattijon da hanyar fitsarinsa ta matse, in aka gyara masa ƙaba aka bar matsalar, ranar tiyatar ma fitsari zai riƙe, kuma nishin da ya buɗe ƙofar yana nan. Sai sana'a. "Manomi" kawai bai isa ba. A rubuta ko huɗa yake da hannu, ko dako, ko tura baro, ko ga-ruwa, domin daga nan za a gina bayanin sallama.

30 ga Janairu

Mako guda muka yi a kan sashen ƙabar da ta maƙale, kuma ya cancanci haka, don a nan ake mutuwa.

Ƙabar da ta saba komawa wata rana sai ta ƙi. Ƙofar ta shaƙe hanjin da ya fito, jinin da ke komawa ya fara tsayawa, hanjin ya kumbura, kumburin ya ƙara matse shi, har jinin da ke shiga ma ya yanke. Daga nan cikin kamar awa shida hanji na iya mutuwa. Aikin da zai kasance ɗan yanka a matsematsi, a kwana ɗaya a tafi gida, sai ya koma yanke hanji da haɗa shi, da ƙarin jini, da kwanaki a gado, in an tsira. Ƙaramar ƙaba mai ƙunƙuntar ƙofa ta fi ƙatuwar da ta sauka maraina haɗarin wannan, abin da mutane ke ɗauka akasinsa.

A katin majinyaci alamomin suna gaban farko da manyan baƙaƙe: kumburin ya yi tauri ya ƙi komawa, ciwo ya tsananta ba ya lafawa, amai, ciki ya kumbura, ba bayan gida ba tusa, fatar wurin ta yi ja ko ta yi duhu, zazzaɓi. Ba a jiran su cika. Tauri da ciwo kaɗai sun isa a nemi abin hawa. Mun yarda a rubuta cewa yana iya kwanciya rigingine ya tanƙwashe gwiwa ya lallaɓa abin a hankali sau ɗaya, yadda ya saba. In ya ƙi, shi ke nan, kada a kira wani ƙaƙƙarfa ya danna. Kada a ci, kada a sha, kada a ba shi maganin wankin ciki, kada a gasa da ruwan zafi, kada a jira gari ya waye. Sakiya kuwa mun ambace ta da sunanta, domin abin da ke cikin kumburin hanji ne, kuma huda shi zuba kashi ne a cikin jiki.

An yi gardama kan jimla ɗaya: "In ciwon ya lafa amma kumburin na nan da taurinsa, ba sauƙi ba ne." Wasu na ganin za ta tsorata mutane. An bar ta. Hanjin da ya mutu yakan daina ciwo na ɗan lokaci, kuma a wannan ɗan lokacin ne dangi ke cewa a bari zuwa gobe.

Ga ma'aikacin jinya, jerin yana tafiya haka. A rubuta sa'ar da ciwon ya fara da sa'ar da ya ci abinci na ƙarshe. A kira likita nan take, ba bayan an gama cike folda ba. Ba komai ta baki. A sa babbar kanula, lamba 16 ko 18, a ɗebi jini don yawan jini, rukuninsa, da gishirin jiki, musamman fotasiyom, wanda amai ke zubarwa. A fara ƙarin ruwa yadda aka rubuta. In yana amai ko ciki ya cika, a sa robar hanci a bar ta tana zuba a leda. Ruwa kore ko mai warin kashi a rubuta launinsa da yawansa. A sa robar fitsari a riƙa aunawa kowace awa. Abin da ake nema rabin mililita ne ga kowane kilo na nauyinsa a awa, wato mai kilo 60 kada ya gaza mililita 30. Bugun zuciya da awon jini duk minti 15. Bugun ne ke fara tonawa: matashi mai ƙarfi awon jininsa zai tsaya daidai alhali bugun ya haura 100, sai ya rushe lokaci guda. A ba da maganin ciwo. Tsohon tunanin nan na a bar mutum cikin azaba don kada a ɓoye wa likita alama ba shi da tushe. Ma'aikacin jinya ba ya tura ƙabar da ta maƙale. In da za a gwada, likita ne zai gwada, domin mayar da mataccen hanji ciki ya fi barinsa a waje muni.

7 ga Fabrairu

Shirin tiyatar da aka sa wa rana. "Kada ka ci komai daga sha biyun dare" muka tarar ana faɗa wa kowa, har wanda sai azahar za a shiga da shi. Ka'idar ita ce awa shida ga abinci, awa biyu ga ruwa zalla. Matsalar tana wajen abin da ake kira abinci. Koko, kunu, fura da nono, shayi mai madara, duk abinci ne, ko da majinyaci ya rantse cewa shan su ya yi. An jera su a kati ɗaya bayan ɗaya. Jariri mai shan nonon uwa awa huɗu ne.

Gashin mara ba a aske shi da reza tun dare. Reza na barin ƙananan tsagu da ido ba ya gani, kafin safe ƙwayoyin cuta sun zauna a ciki. In gashin zai hana aiki, a rage shi da kilifa dab da shiga. Mai al'adar aske wa kansa a gida a gaya masa tun ranar da aka ba shi rana. Wanka da sabulu daren da safiyar, a wanke cibiya da matsematsi sosai. In akwai ƙuraje ko makero a wurin a nuna wa likita, wataƙila a ɗaga aikin.

Gefen da za a yi wa aiki likitan da zai yi shi ne ke sa masa alama da alƙalamin maka, majinyaci na farke, yana nunawa da hannunsa. Ƙaba na ɓacewa in an kwanta, don haka a kan tebur dama da hagu kama ɗaya suke. Wannan na cikin jerin binciken da Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar a 2008, kuma ba a tura gado ɗakin tiyata sai alamar na jiki.

Mai shan taba ya daina aƙalla mako huɗu kafin aiki, don tari ya ragu kuma rauni ya haɗe. Mai ciwon suga a auna shi safiyar, kada ya sha ƙwayar suga alhali bai ci ba. Maganin hawan jini a bi abin da mai ba da maganin barci ya ce. A tambaya ko yana shan asfirin ko wani maganin tsinka jini. A tambaya na gargajiya ma, ba da fuskar tuhuma ba, in ba haka ba "a'a" za a ji. Ya yi fitsari kafin a tura shi.

17 ga Fabrairu

Tambayoyi biyu ne suka yi ta dawowa a gwajin katin da muka fara, kuma babu su a rubutun farko.

Ta farko raga. Mutane na jin za a bar musu "roba" a jiki sai su ja da baya. Tun shekarun 1880 da Edoardo Bassini na Italiya ya fito da hanyarsa, ɗinke naman wurin ake yi, a jawo wannan gefe a haɗa da wancan. A shekarun 1980 hanyar Lichtenstein ta zo: a shimfiɗa raga a kan ƙofar ba tare da an ja nama ba, nama ya tsiro ta cikin idanunta, ta zama bango. Da ita ƙaba ta fi wuyar dawowa. Ba ta tsatsa, ba ta narkewa, ba kasafai ake sake buɗewa don cire ta ba sai in ta kawo matsala, kamar ta kamu da cuta. Tsadarta ce ta sa aka gwada ragar gidan sauro marar magani da aka dafa a injin kashe ƙwayoyin cuta. Gwajin da aka yi a Yuganda, wanda aka buga a 2016, bai ga bambanci tsakaninta da ta kamfani ba. Wannan bayani na ma'aikata ne, bai shiga kati ba, kada wani ya zo da gidan sauron ɗakinsa. In hanji ya mutu wurin ya gurɓata, likita na iya fasa sa raga, kuma ba a sa wa yara.

Ta biyun ba a yin ta a gaban mutane, sai an rage murya: "Malam, ba za a taɓa mini iyali ba ko?" Jijiyar maniyyi da jijiyoyin jinin ƙwallo ta wannan hanya suke wucewa, likita na ganinsu yana kauce musu, kuma lahani gare su abu ne da ba kasafai ba. Mun yanke cewa ma'aikacin jinya namiji ne zai ɗauko zancen da kansa, kada a jira a tambaya. Da yawa wannan tsoro ne ya zaunar da su shekaru.

25 ga Fabrairu

Awa 24 na farko bayan aiki. Awo duk minti 15 a awar farko, duk minti 30 na awa biyu, sannan a tsawaita in komai daidai. Duk awo a ɗaga zane a dubi bandeji da maraina. Jinin da ke taruwa a ciki ba lallai ya jiƙa bandeji ba, maraina yake gangarawa. Ɗan duhun fata da kumburi kaɗan ba komai. Kumburin da ke ƙaruwa a gaban ido yana tauri, likita.

Wanda aka yi wa allurar baya mai kashe jiki don tiyata ƙafafunsa za su yi nauyi awa biyu zuwa huɗu, kuma awon jini na iya sauka. Ba ya sauka gado sai ya iya ɗaga ƙafa ya ji taɓi, tashin farko kuma da mutum a gefensa, ya zauna bakin gado tukuna. Ciwon kan da ke zuwa bayan kwana ɗaya ko biyu, mai tsananta in an zauna ya lafa in an kwanta, na allurar ne, a sanar.

Fitsari ya samu akwatinsa shi kaɗai a takardar: sa'ar da ya fara yi, da yawansa. Ga yadda abin ke faruwa a dutin dare. Dattijo ya fara juye-juye, yana cire zane, yana gumi, ɗansa ya zo ya ce, "Sista, Baba ciwon ya tashi." In aka ɗauko allurar ciwo aka yi masa, an ƙara ɗaure fitsarin. A fara ɗora hannu a mara. Mafitsarar da ta cika ana jinta kamar ƙwallo ƙarƙashin cibiya, in an danna ya zabura. A ja labule, a tsayar da shi ko a zaunar, domin namiji da yawa ba ya iya yi a kwance, balle ga suruki a gefen gado. A zuba ruwa a bokiti ya ji ƙararsa. In awa shida zuwa takwas sun wuce babu komai kuma mara ta cika, a sa roba. Yawan ƙarin ruwa ba dalili na jawo wannan, don haka da zarar ya fara sha a tambayi likita ko a cire.

Maganin ciwo a kan lokaci ake ba da shi, ba sai an yi kuka ba. Farasitamol giram ɗaya duk awa shida ga babba, kada ya wuce giram huɗu a yini, a haɗa da ibufurofen ko diklofenak bayan abinci in ba shi da olsa ko ciwon ƙoda. Tiramol na ɗaure ciki, kuma kowa ya san inda yake ƙarewa in ya fita unguwa, saboda haka ba ma so a tafi gida da shi sai da dalili. A koya masa dafe rauni da tafin hannu ko filo in zai yi tari ko atishawa. Ya tashi ya taka a ranar. Wando matsattse na ciki ya fi gajeren wando mai faɗi, yana tallafe maraina.

5 ga Maris

Azumi ya kama, zafi ma ya fara. Wanda aka sallama jiya, in ya ɗauki azumi gobe, ga ƙarancin ruwa, ga taurin ciki, ga diklofenak a kan yunwa. Mu namu faɗin abin da zai faru a jiki ne. Hukunci kuwa sananne ne cewa marar lafiya na da rangwame ya rama daga baya, kuma mai shakka ya tambayi malaminsa. An ƙara layi biyu a kati. An kuma ƙara na salla: kwanakin farko a zaune, ruku'u da sujada in ciwo ya bari. Tsarki da buta a karkata ruwan kada ya bi ta kan bandeji.

14 ga Maris

Bayanin sallama. Rubutun farko cewa ya yi "a guji ɗaga abu mai nauyi". An karanta wa wani ɗan dako, ya gyaɗa kai. Aka ce, "To Malam, me za ka bari?" Ya ce buhun masara. "Buhun taki fa?" Ya ce ai wannan rabi ne. Buhun taki kilo 50 ne. Mun goge jimlar.

Yanzu da kayan gida aka rubuta. Mako biyun farko kada ya wuce galan ɗaya na ruwa, wato kilo huɗu zuwa biyar. Jarka mai lita 25 kilo 25 ce, ita da buhu da jan guga da huɗa da tura baro sai an kai mako huɗu zuwa shida, kuma sai likita ya gani. Ga babbar ƙabar tabon tiyata mako shida ne mafi ƙaranci. Sai dai kada a wuce gona da iri. Ka'idojin ƙasa da ƙasa na 2018 kan ƙabar matsematsi cewa suka yi a koma harkokin yau da kullum da zarar jiki ya bari, ga mafi yawa cikin kwana uku zuwa biyar. Tela, mai shago, malamin makaranta ba su da dalilin kwanciya wata guda, kuma kwanciyar ce ke kawo taurin ciki da daskarewar jini a ƙafa. Makonnin nan na masu aikin ƙarfi ne. Shi ya sa muka roƙi masu ba da rana su riƙa sa manoma a rani, su warke kafin ruwan shuka, don mutumin da damina ta tarar ba zai kalli gonarsa ya bi kati ba.

Tuƙin mota ko a-daidaita-sahu sai ya iya taka birki da ƙarfi ba tare da ya ji ba, yawanci mako ɗaya zuwa biyu. Babur mai kik ya fi wuya. Kusantar iyali in ciwo ya tafi, wajen mako biyu.

Rauni: bandeji ya zauna a bushe awa 48, bayan nan a yi wanka a tsane wurin da tsumma mai tsabta, ba gurzawa. Ba man shanu, ba toka, ba man goge baki, ba garin kafso, ba gashi. Zaren da ba ya narkewa ana cire shi rana ta bakwai zuwa ta goma. Taurin da ake ji ƙarƙashin tabon kamar igiya warkewa ce, yana ɗaukar makonni kafin ya saki. In ba a faɗa ba sai su dawo a firgice wai ta dawo. Abin da ke dawo da mutum kafin ranarsa shi ne ja mai yaɗuwa, zafi, mugunya, wari, zazzaɓin da ya kai digiri 38, amai, riƙewar fitsari, ko ƙwallo ya kumbura yana ciwo. Cutar rauni ba ta cika nunawa kafin kwana uku ba, wato a gida za ta fito, ba a gadonmu ba.

Don ciki ya saki: ruwa da yawa, zogale, alayyafo, wake, gwanda, lemo, miyar kuɓewa ko kuka. A masai na tsuguno ya dafa bango, kada ya yi nishi. Kwana uku ba bayan gida, ya zo a ba shi mai tausasawa.

Ba a tambayar "Ka gane?", domin amsar kullum "Na gane" ce, ladabi ne. Cewa ake, "Baba, in kun isa gida Hajiya ta tambaye ku me aka ce, me za ku gaya mata?" Abin da ya tsallake shi ake maimaitawa. Mai jinya ya kasance a wurin.

24 ga Maris

Yara. Katin manya bai dace da su ba, an ware musu nasu. Cibiyar da ta fito ta yi yawa a yaranmu, kuma mafi yawanta na rufewa da kanta kafin shekara huɗu zuwa biyar. Ba a ɗaura kwabo, ba a naɗe ciki da ƙyalle. Ba sa rufe ƙofar, fata kawai suke ci. A kawo yaro in ta yi tauri, ko ta wuce shekara biyar.

Ta matsematsin jariri daban ce, kuma nan kakanni ke kuskure da "bari ya girma". Ba ta rufewa, tana saurin maƙalewa, musamman ga bakwaini da ɗan ƙasa da shekara, don haka ana ba da rana kusa. Sau da yawa uwa ce kaɗai ke ganinta, lokacin kuka ko wanka, a asibiti ta ɓace. A yarda da uwa, a ce ta ɗauki hoto da waya. Kukan da ba ya tsayawa, ƙin nono, amai kore, a taho ko tsakar dare ne.

9 ga Afrilu

An dawo daga hutun salla, an gama ɓangaren mata. Ƙabar tushen cinya ta fi samun mata, ƙarama ce, wani lokaci ba ta wuce goro ba, tana ɓuya a lanƙwasar cinya, kuma ita ce ta fi kowace saurin shaƙe hanji. Saboda haka an sa a takardar karɓa: duk macen da ta zo da amai da kumburin ciki, musamman tsohuwa, ma'aikaciyar jinya mace ta ja labule ta duba matsematsi biyu da hannunta. "Inna, zan ɗan duba ƙasan mararki" ya isa. Ba za ta faɗa da kanta ba, wataƙila ma ba ta san da shi ba.

Ta tabon tiyata kan biyo bayan yankan da aka yi a tsaye a tsakiyar ciki, irin na haihuwar gaggawa ko na hanjin da taifot ya huda, musamman in raunin ya yi ruwa a lokacin. Kashi 10 zuwa 20 cikin 100 na irin wannan yanka na ƙarewa da ita. A tambayi mace ko tana da niyyar sake haihuwa kafin a sa rana, domin ciki na iya warware gyaran. Bayan aikin sukan fito da robar tsotse ruwa: a auna abin da ta tara duk awa 24, a rubuta launi, likita kan cire ta in ya sauko ƙasa da mililita 30 zuwa 50. A ɗaga kan gado, a sa ido kan numfashi, don hanjin da ya daɗe a waje in aka mayar da shi yana matse huhu. Ruwan da ya taru ƙarƙashin fata daga baya yawanci jiki ke shanye shi, kuma ba mai soka masa sirinji a kemis, saboda allura ɗaya na iya kai cuta ga raga. Ɗamarar ciki na rage ciwo wajen tashi da tari, a ɗaura ta a kwance, yatsu biyu su iya shiga. Goyo da daka da ɗaukar tulu sun shiga jerin abin da za a bari, kuma wannan sashe ana karanta shi ne a gaban miji ko uwar miji.

Abin da ya rage: saƙon muryar ya kai minti bakwai, ana so a raba shi uku, na alamomin haɗari ya tsaya shi kaɗai ƙasa da minti biyu. Ba a fara rubutun ajami ba. Takardar dawowa ta mako shida na bukatar layin tambaya kan ciwon da ya ƙi tafiya, tunda wajen mutum ɗaya cikin goma na fama da shi fiye da wata uku bayan gyaran matsematsi, kuma ba sa faɗa sai an tambaya. Zama na gaba da masu ɗakin haɗari ne, kan wa zai riƙe lambar wayar da aka buga a bayan kati da dare.